Ƙarancin Makamashi: Ƙarfin Jimirin Minna Da Wasu Birane

MINNA — Duk ɗan kasuwar da ke shirin kafa masana'anta ko buɗe shago mai amfani da injuna, ya kamata ya tambayi kansa tun kafin ya zuba jari: in wutar lantarki ta ɗauke har mako guda, garin da ya zaɓa zai iya ci gaba da harka? Amsar ba ɗaya ba ce daga gari zuwa gari, kuma Bosso, wadda ke manne da Minna, wuri ne da ya dace a fara nazarin.

Jihar Neja ce ke ɗauke da manyan tashoshin samar da wuta daga ruwa na Nijeriya. Akwai Kainji ta 1968 mai ƙarfin megawat 760, da Jebba ta 1985 a kan iyaka da Jihar Kwara, da Shiroro ta 1990 mai megawat 600, sa'an nan da Zungeru mai megawat 700 wadda aka kammala a 2023. Duk da haka mai walda ko mai injin niƙa a Bosso ya san ɗaukewar wuta kamar takwaransa na kowane gari. Dalili kuwa shi ne, wutar da Shiroro ta samar ba ta Minna ba ce. Tana shiga babban layin ƙasa ne, a raba wa kamfanonin rarrabawa, kowane da kasonsa. A 2013 an danƙa Jihar Neja ga kamfanin AEDC tare da Abuja da Kogi da Nasarawa, watau Minna ta shiga akushi ɗaya da babban birnin tarayya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Amma kusanci da tasha yana da ranarsa, kuma an ga haka a watan Oktoba na 2024. Da ma an lalata babban layin da ke kai wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, har Arewa ta koma dogaro da layi ɗaya tak, wanda ya taso daga Ugwuaji a Jihar Enugu ya biyo ta Makurdi zuwa Jos. Da wannan ma ya faɗi, sai Kano da Kaduna da Jos da galibin jihohin Arewa suka zauna cikin duhu fiye da mako guda. Jihar Neja na cikin 'yan kaɗan da abin bai game su ba, domin wutar Minna ba ta bi ta waɗancan layuka.

Kano ta fi kowa jin jiki, saboda ita ta fi kowa buƙata. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suna da manyan janareto, amma man dizil yakan cinye riba cikin 'yan kwanaki, ga shi kuma daga kudu ake kawo shi da tankoki. Ƙananan masu sana'a, irin masu ƙanƙara da masu ɗinki da masu sayar da ruwan sanyi, su ne suka fi shan asara, da yake tun janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ƙaramin janareto ya daina zama mafita mai araha. Akwai kuma wuraren da suka riga suka yi tanadi, kamar Jami'ar Bayero wadda aka buɗe wa tashar hasken rana a 2019, da shagunan kasuwar Sabon Gari da aka haɗa da irin wannan wuta tun 2018. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, domin rufe irin wannan giɓi aka tsara shi.

Jamhuriyar Nijar ta ba da wani darasin. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga Nijeriya take zuwa. Yamai na samu ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram kuwa ta layin Katsina. Da Nijeriya ta katse wutar a watan Agusta, sai waɗannan birane suka koma rabon wuta unguwa-unguwa, har zuwa Maris na 2024 da aka maido. Yamai ta jingina da tashar dizil ta Gorou Banda da sabuwar tashar hasken rana mai megawat 30. Agadas kuwa, wadda ake ganin ta yi nisa da komai, katsewar ba ta shafe ta kai tsaye ba, domin wutarta daga tashar kwal ta kamfanin SONICHAR take.

A kudu, Legas na da tashar Egbin mai megawat 1,320 da tashar jiragen ruwa inda mai ke sauka. Aba kuma ta sami tasharta ta gas a Fabrairun 2024, wadda aka gina musamman domin garin da kewayensa.

Raunin Minna na wani gefen ne. Shiroro na kan Kogin Kaduna, wanda ruwan damina kaɗai ke cika shi, saboda haka ƙarfinta kan ragu a ƙarshen rani, daidai lokacin da zafi ke sa buƙata ta hau. Kainji ta fi ta sa'a, domin bayan ruwan damina takan sami wani ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini, ya iso cikin hunturu. Har wa yau, rashin wuta a Minna yakan zama rashin ruwan famfo, tun da injunan turo ruwa na Chanchaga da lantarki suke aiki, kuma mai gidan burodi ko mai buga bulo ba ya aiki sai da ruwa.

Saboda haka, mai neman wurin kafa sana'a a Bosso ya fara binciken layin da unguwar ke kai da sa'o'in da yake samun wuta a watannin Maris da Afrilu, ba a damina ba. Ya kuma lissafa kuɗin dizil na kwana goma, ya gwada shi da kuɗin allunan hasken rana da batura, sa'an nan ya sa kuɗin rijiyar burtsatse cikin jarin farko. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma 'yan kasuwar da ke layi ɗaya suna iya haɗa kuɗi su kafa ƙaramar tasha tasu.