Darasi na 14: Ƙadandoniya da Danginta

Ruwan shuka ya sauka. Manoman Wurno da Raba da Goronyo sun fita gona. Ƙadandoniya ma ta fito, gama da rani tana ɓuya can cikin ƙasa inda akwai damshi.

Waɗansu suna haɗa ta da shanshani. Kuskure ne. Masana sun raba su ta wurin ƙirga ƙafafu. Ku dubi jikinsu, gaɓa-gaɓa ne. Shanshani yana da ƙafa 2 a kowace gaɓa. Ƙadandoniya kuwa ƙafa 4 ne a yawancin gaɓoɓinta. Shanshani yana da sauri, yana cizo, yana da dafi. Ku hana yara taɓa shi. Ƙadandoniya tafiyarta sannu-sannu, ba ta cizo. Amma tana fid da wani ruwa mai wari. Wanda ya taɓa ta, ya wanke hannu kafin ya kai shi ido.

Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne, kashinta kuwa taki ne. Amma kada mu cika yabonta. In ta yi yawa takan ci irin gyaɗa da na gero a cikin rami. Kadan shukarka ba ta tsiro ba, ka tona rami biyu ko uku ka duba tukuna, kada ka ɗora wa mai sayar da iri laifi.

Danginta suna da yawa, an san fiye da iri 12,000. A shekarar 2021 aka ba da labarin wata a ƙasar Ostareliya mai ƙafa 1,306.

Akwai wata gajeriya mai kauri a kurmin Madagaska da Indiya da Afirka ta Kudu. Ba mu da ita a nan. Tamu in ta ji tsoro sai ta nannaɗe kamar gammo. Waccan kuwa dunƙulewa take yi kamar bushiya, ta ɓoye kai da ƙafafu sarai. Babbar cikinsu, ta Madagaska, in ta dunƙule ta kusa kai girman lemo. Macen ƙafa 42 gare ta kawai. Ba ta da ruwan warin nan, taurin bayanta shi ne garkuwarta. Saboda haka masana suka ware ta, suka ba ta gida dabam.

Tambayoyi

1. Ƙafa nawa shanshani yake da su a gaɓa ɗaya?
2. Me za ka yi in shukarka ba ta tsiro ba?
3. Rubuta: ƙadandoniya, gammo, bushiya.