Zuwa ga samarin Mai Yara masu hawan babur

 

Yawancinku ba a makarantar tuƙi kuka koyi babur ba. Wani yaya ne ya ɗora ku a bayan gari, ya nuna muku kiloci da giya, ya ce ku ja. Haka ku ma kuke yi wa ƙannenku yanzu. Wato malaman tuƙin garin nan ku ne, ko kun so ko kun ƙi, kuma yaro ba ya ɗaukar abin da kuka faɗa sai abin da ya ga kuna yi. In ya ga kun saki hannu ranar rakiyar amarya mata suna guɗa, shi ma ranar da ya sami makulli abin da zai gwada ke nan.

Don haka ku fara da birki. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, bai isa hawa ba, komai naci. Wanda ya isa kuwa, ku koya masa tsayawa kafin ku koya masa tashi. Hanyoyinmu rairayi ne, kuma wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi cikin rairayi, tayar gaba za ta zame ta kayar da shi. A rage wuta tun da nisa, a taka na baya a hankali, a bar kan babur a miƙe.

Inda na fi jin tsoro shi ne in kun hau babbar hanyar Maraɗi zuwa Dakwaro, wadda ta ratsa Kornaka. Nan ne hannu yake ƙaiƙayi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gane cewa baƙin abin nan da ke gaba amalanken jaki ne marar fitila, har hannu ya kai ga birki, an riga an shafe wannan tazarar. In kuma aka ninka gudu sau 2, nisan da birki yake buƙata yana ninkuwa sau 4. Ku haɗa wannan da ƙurar hunturu, da garken shanu da ke tsallaka hanya ba sallama, tunda ƙasar Dakwaro ƙasar kiwo ce, burtali ya girmi kwalta. Saniya ba ta san hon ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Tsaranku ke nan, da tsaran ƙannen da kuke goyawa. Hukumar ta kuma ce hular kwano mai kyau tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6. Na san abin da kuke cewa: zafi gare ta, kuma ba a gane mutum a ciki. To, ƙafa in ta karye akwai maɗori, amma raunin ƙwaƙwalwa sai babban asibiti, ga shi tsakanin Dakwaro da Maraɗi ma ya haura kilomita 100. Hular da aka rataye a hannun babur don tsoron jandarma kuwa, ba ta tsare kan kowa ba. A sa ta, a ɗaure igiyar a haɓa.

Masu kabu-kabu a cikinku, ranar kasuwa kada ku yi goyon mutum uku da buhu don ƙarin ƴan dala. Kuma ku rabu da tiramol. Yana ɓoye gajiya ne kawai, yana iya jawo jiri da farfaɗiya, mutum yana bisa babur.

Wasu za su ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, ajali na Allah ne. Amma ban taɓa ganin wanda ya bar awakinsa a sake da damina ya ce ƙaddara za ta tsare gonar maƙwabci ba.

Wanda shekarunsa suka kai, ya nemi lasin tuƙi, ya san alamomin hanya. Ƙananan da ke zuwa makaranta a ƙasa ku nuna musu su bi gefen hagu, suna fuskantar abin hawan da ke tahowa, tunda a Nijar dama ake bi. Ku gyara fitilar baya kafin kaka ta yi, lokacin da amalanke ke kwasar hatsi har bayan magariba.

Allah ya kiyaye hanya, ya yi muku albarka.

Naku,
Baffanku