Yaron da Lissafi Ya Ƙi Zama a Kansa

Iyaye da malaman Damri, ina so mu yi magana kan wani yaro da kusan kowane aji yake da irinsa. Yana da hadda, ya san kowace akuya a garken gidansu, bakinsa da kaifi. Amma a ce masa bakwai a tara da biyar, sai ya sunkuyar da kai yana ƙirga yatsu a ƙarƙashin benci. Abin da ya koya jiya, yau babu shi. A aike shi kasuwa, ya dawo da canji ba daidai ba. Sai mu ce daƙiƙi ne, mu ɗauko bulala.

Ku dakata, 'ya'yana. Wannan larura ce sananniya da ake kira diskalkuliya, wadda wani masani ɗan ƙasar Cekoslobakiya, Ladislav Kosc, ya fayyace tun 1974. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna tana shafar yara uku zuwa shida cikin ɗari, maza da mata. Ke nan a aji mai yara sittin ba za a rasa biyu ko uku ba. Tushenta yana ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke gane yawa da ƙarancin abu. In aka zube goro huɗu a faranti, kallo ɗaya ya ishe mu. Shi kuwa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba sammu ba ne, ba aljanu ba ne, kuma takan bi jini.

Sai dai kada a yi gaggawar yanke hukunci. Mu nan mun san abin da yaranmu suka gani. A 2021 aka sace ɗalibai a Jangebe, daga baya a Kaya ta Maradun, aka rufe makarantu wata da watanni. Lissafi kuwa gini ne, wanda ya rasa tubalin ƙasa ba zai ɗora na sama ba. Ga yunwa, ga mai ciwon ido da ba ya hango allo, ga Turancin da ake koyarwa da shi. Irin waɗannan yara in aka koma da su baya aka bi su a hankali, sukan kamo. Wanda aka bi shi haka tsawon lokaci amma lambobi suka ƙi zama, shi nake nufi.

Ku sa masa lissafin a hannu. A ba shi ƙwayar masara ko tsakuwa ya ƙirga, a ɗaure kara goma-goma ya ga yadda ashirin da uku take: dami biyu da kara uku. Uwa, in kina auna shinkafa, bar shi ya riƙe tiya. Uba, ka zauna da shi da 'yan naira hamsin da ɗari ku yi ciniki na wasa. Kwata na awa kullum, cikin Hausa da sakin fuska, ya fi awa biyu da tsawa. Kada a hana shi yatsunsa. Da su yake kamawa.

Malam, kai ma ina roƙonka. Kada ka tsayar da shi gaban aji 'yan uwansa na dariya, domin tsoro yana goge ɗan abin da ya riƙe. Rage masa tambayoyi, ƙara masa lokaci, rubuta masa jadawalin ninkawa a kati ya riƙa dubawa. In abin ya gagare ka, nemi shawara. Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman.

Larurar ba ta ɓacewa gaba ɗaya, amma mai ita yana ci gaba sosai in an taimaka masa da wuri. Wata rana zai nemi kiredit na lissafi a WAEC ko NECO, wataƙila don shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, kuma shirin wannan rana daga firamare yake farawa.

Wanda ya ga ɗansa a cikin wannan bayani, don Allah ya je wurin hedimasta cikin makon nan, su zauna da malamin ajin su tsara yadda za a taimaki yaron.