Kafin ka mayar da tsohon kwalekwale ruwa

A bakin tafkin Gidimuni, gabas da Damagaram a hanyar Gure, ko a Lasuri, ba a rasa kwalekwalen da aka kife aka bari, rana tana cinsa, filafili ya ɓata, katakon zama ya tafi murhu. Irin wannan ne matashin da ke son shiga su yake saye da arha. Shawarata gare shi ɗaya ce: kada ya damu da abin da ya ɓata tukuna, ya fara da gindin jirgin.

Ɗauki ƙusa ko bakin wuƙa ka bi katakon ƙasa, musamman inda ya haɗu da na gefe da wajen goshi. In ƙarfen ya shige ba gardama, katakon ya ruɓe ko gara ta ci shi, sai canji. Wasu kan shafe ruɓar da kwalta don ta ɓuya wa ido. Kada ka yi haka, kada kuma ka sayi jirgin da ka ga sabuwar kwalta a kansa ba ka ƙwanƙwasa ba.

Tsagar da ke tsakanin katako kuwa ba duka ce cuta ba. Itace yakan tsuke da bazara, ya kumbura in ya sha ruwa. Nutsar da jirgin a gefen tafki kwana biyu ko uku, ka kwashe ruwan, ka sa alama da gawayi inda yake yoyo har yanzu. Wuraren nan kaɗai za ka toshe. Bari ya sha iska, ka cusa auduga ko tsumma a tsagar da abin da ba shi da kaifi, sannan ka bi da narkakkiyar kwalta. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen itace, kuma in ka danƙara tsumma a busasshiyar tsaga, ranar da katakon ya kumbura sai ya ɓalle ƙusoshinsa.

Cikin abubuwan da suka ɓata, katakon zama ne ba a yi wa wasa, domin shi ke riƙe gefe da gefe kada jirgin ya buɗe. Auna faɗin wurin da igiya, ka kai wa kafinta ya yanko maka jan katako. Maɗaci ya fi, in an samu. Farin katako ba ya daɗewa a ruwa. Ka nemi ƙusar da ba ta saurin tsatsa, ko da sai ka shiga Kasuwar Dole a birni. Filafili da sandar tuƙi da yankakkiyar jarkar kwasar ruwa duk aikin yini ɗaya ne.

In kana sha'awar ɗaura ƙyallen iska, ka dubi faɗin jirginka. Siririn kwalekwale ba ya jure bugun iskar hunturu daga gefe, kifewa yake yi.

Ranar gwaji ka sanar da sarkin ruwa, ka ɗauki tsohon masunci, ku tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba, nesa da kacala. Ku ɗora buhun yashi daidai nauyin taru da kifi, ku zauna awa guda kuna duban alamun gawayin nan. Ka ɗaura jarka biyu masu murfi a ciki, kada kuma ka ɗauki yaro sai jirgin ya yi mako yana aiki ba yoyo.