Yadda Itatuwa Suke Zaman Tare a Kurmi

Kadan mutum ya shiga kurmi ya kan ga kamar kowane itace yana tsaye shi kaɗai, ba ruwansa da na kusa da shi. Amma masanan itatuwa sun bincike, sun tarar ba haka ba ne. A darasin wannan wata za mu duba hanya uku da itatuwa ke taɓa zaman juna.

1. Ta wurin iska

Sa'anda tsutsa ta fara cin ganye, itacen ya kan ƙara ɗaci cikin ganyensa, irin abin nan da majema ke samu cikin bagaruwa. Har wa yau ya kan saki wani ƙamshi cikin iska. A shekarar 1983 waɗansu masana biyu a Amurka, Ian Baldwin da Jack Schultz, suka sa ƙananan itatuwa cikin akwati rufaffe, suka yayyaga ganyen waɗansu. Cikin kwana biyu ko uku, sai ga waɗanda ba a taɓa ba su ma sun ƙara ɗaci. Itace ba shi da baki, ba shi kuwa da kunne, amma labarin ya isa wurin maƙwabci.

2. Ta wurin zaren naman kaza

Naman kazan da muke gani da damina, kansa ne kaɗai ya fito. Jikinsa yana cikin ƙasa, zare ne siriri, ya fi gashi sirantaka, ya kan manne wa saiwar itace. Zaren yana jawo ruwa da gishirin ƙasa ya ba itacen, itacen kuma ya biya shi da sukarin da ganyensa ya yi da hasken rana. Wani Bajamushe, Albert Frank, ya bayyana wannan tun 1885. Zare ɗaya yana iya kama saiwar itace biyu. A 1997 Suzanne Simard ta gwada a kurmin Kanada da itatuwa iri biyu, ta ga abinci ya wuce daga wannan zuwa wancan, wanda aka rufe da inuwa kuwa ya fi samu.

A nan sai mu yi hankali. Waɗansu littattafai sun ce manyan itatuwa suna shayar da 'ya'yansu ta wannan zare kamar uwa. A 2023 masana uku suka sāke duba gwaje-gwajen, suka ce shaidar ba ta kai nan ba tukuna.

3. Ta wurin saiwa

Wannan a gonakinmu yake. Saiwar sabara tana zurfi ƙwarai. Da dare ta kan jawo ruwa daga can ƙasa, ta sake shi a busasshiyar ƙasar sama. An gwada a Senegal, aka ba da labarin a 2018: an ba saiwar sabara ruwa mai alama, ba a daɗe ba aka same shi cikin geron da ke kusa. Gawo kuma ya kan zubar da ganyensa da damina, sabili da haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuwa ya zama taki.

Ashe wanda ya tumɓuke sabara, ko ya sa wuta a daji, ya ɓata abin da idonsa ba ya gani. Manoman Maraɗi sun gane wannan. Tun wajen 1983 suka fara barin toho a kututture, suna rage rassa kaɗai, har itatuwa miliyoyi suka komo gonakin kudancin Nijar. Bari mu tuna da wannan sa'anda lokacin sharar gona ya yi.

Tambayoyi

1. Ƙaƙa itace ke sanin an ci ganyen maƙwabcinsa?
2. Mene ne zaren naman kaza ke ba itace, me kuma yake karɓa?
3. Waɗanne itatuwa ne a gonarka ya kamata ka bari bana?