Darasi: Yi wa Magarya Aski

Karatu: Yahaya 15:1-8

Tuffa itacen ƙasar sanyi ce, ba ta yi a Dakoro. Amma Allah ya ba mu magarya. Akwai mai aure, irin ta Indiya, wadda ake kira tuffar Sahel saboda girman 'ya'yanta.

A sababbin rassa magarya take yin 'ya'ya. In ka bar ta ba aski, sai ta cunkushe, 'ya'yan su ƙanƙance. Saboda haka da bazara, bayan an gama tsinka, kafin ruwan fari, ka wasa addarka. Ka sare busassun rassa da waɗanda suka sarƙe, ka datse sauran. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren ka cire shi, gama na daji ne, yana shanye ƙarfin itacen. Sa'an nan ka zuba taki, ka tsare ta daga awaki.

Ɗan'uwa, Yesu ya kwatanta Ubansa da manomi. Har reshe mai 'ya'ya yana shan wuƙa. In Allah yana datse maka fushi, ko rowa, ko gulma, kada ka yi gunaguni. Mai gona ba ya wahala a kan itacen da ya fid da rai da shi.

Tambaya: Wane toho na daji ya kamata a cire a gidanku?