Bakin Aku: Darasi a Kan Kiwo da Kuma Harshe

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san cewa baki ne ya kai aku ga sarautar waziri. To, a gidanmu da ke Ibadan akwai wani aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda mu Yarabawa muke kira odidere. Kakata ce ta bar mana shi, ya kuma girme ni. A hunturun bara bakinsa ya soma ɓarɓashi, hankalina ya tashi. Wannan ɗan rubutu zai kawo abin da na koya a kan lafiyar tsuntsun, da wanda na koya a kan Hausa.

Yadda Abin ya Faru

Da na ga farin abu yana ɗagowa a bakin, sai na ɗauki reza da niyyar in kankare. Can kuma na ce bari in fara tambayar wani dattijo a Sabo, wanda a wurinsa nake gyara Hausata, ya kuma daɗe yana kiwon tsuntsaye. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, baƙin akunmu yana fashewa."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, yaushe aku ya fara yin baƙi? Fashewa kuma ai sai ƙwai ko tulu. Shin saɓa yake yi, ko tsagewa ya yi?"

Na yi shiru, domin ban san bambancin ba. Ya ce in ajiye reza, in je in duba da kyau, in kuma kai shi wurin likitan dabbobi.

Darasi na Farko: Baki da Baƙi

Mu da Hausa ba harshen uwa ba ce gare mu, mukan mai da ƙ ta koma k. Ni kuwa tsoron wannan kuskure ya sa na sanya ƙugiya a inda babu ita. Ga kalmomin:

1. Baki: na mutum ko na tsuntsu. Akwai kuma bakin kogi, bakin ƙofa da bakin wuƙa.
2. Baƙi: jam'in baƙo. Wasalin farko dogo ne, karin sautin kuma daidai yake da na baki. Ƙugiya ce kaɗai ta raba su.
3. Baƙi: launi, ko harafi. Wasalin farko gajere ne, karin sautin kuma sama-sama.

A gwada faɗin wannan jimla sau biyar: Baƙi sun ce bakin aku baƙi ne.

Darasi na Biyu: Saɓa, Tsagewa da Kankarewa

Saɓa ita ce ɗayewar fatar sama da kanta, kamar yadda maciji yake yi. Ɓarɓashi shi ne ƙananan gutsattsarin da suke zuba. Gautsi halin abu ne mai saurin karyewa. Tsagewa kuwa rabuwa ce mai shiga ciki.

A nan tsarin giredin aikatau na F. W. Parsons (1960) yana da amfani:

Giredi na 1: Ya tsaga itace.
Giredi na 4: Bakin ya tsage.
Giredi na 7: Itacen nan ba ya tsaguwa.

Idan ka ce wa likita bakin yana saɓa, ka ba shi labari ne. Idan ka ce ya tsage, ka kira shi da gaggawa ke nan.

Darasi na Uku: Me ke Kawo Saɓar?

Bakin aku ƙashi ne a ciki, an lulluɓe shi da keratin, wato abin da ya yi farcenmu da ƙahon saniya. Tsakanin biyun akwai jijiyoyi da hanyoyin jini. Keratin ɗin yana girma muddin tsuntsun yana raye, tsohon yana zuba sabo yana maye gurbinsa. Saboda haka 'yar saɓa kaɗan ba ciwo ba ce. Amma idan ta yi yawa, a duba waɗannan:

(a) Abinci. Akun da aka tsare a kan gyaɗa da 'ya'yan tsirrai masu mai kaɗai yakan rasa bitamin A da kalsiyam. A daji irin wannan aku yana cin kwakwar manja, wadda take cike da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A.

(b) Bushewar iska, musamman da hunturu, da rashin wanka.

(c) Rashin abin gwagwiya. Aku yana goge bakinsa a jikin itace. Kejin ƙarfe zalla ba ya ba shi wannan dama.

(d) Ciwon hanta, wanda yakan sa baki ya yi tsawo fiye da kima. Gyaɗa mai hunhuna tana ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta.

(e) Cutar baki da gashi. Bairus ke kawo ta, tana yaɗuwa tsakanin tsuntsaye, ba ta kuma da magani. Lafiyayyen aku mai launin toka yana da wata farar hoda a gashinsa, wadda takan dusashe baƙin bakin. Idan bakin ya koma yana sheƙi, gashi kuma yana zuba ko yana fitowa a karkace, kada a jira.

Abin da Muka Yi

Likita ya duba akunmu ya ce saɓa ce, ba tsagewa ba, kuma gyaɗa ta yi masa yawa. Laifina ne, domin tun rasuwar kakata ita nake zuba masa safe da yamma saboda sauƙinta. Muka rage ta, muka ƙara karas, gwanda, mangwaro, tattasai da kwakwar manja kaɗan. Da farko zubarwa yake yi, sai na riƙa ci a gabansa har ya soma karɓa. Muka sa masa reshen gwaiba wanda ba a yi wa feshin magani ba, muna kuma yayyafa masa ruwa da hantsi. Ba a ba aku fiya ko cakulan ko kofi ko abinci mai gishiri. Ba a kuma kankare masa baki a gida, domin jini yana iya zuba. Sabon keratin sannu a hankali yake saukowa, sai da muka yi watanni kafin bakin ya yi sumul.

Kammalawa

Kada wannan rubutu ya sa wani ya je neman aku a kasuwa. Kamu da saran daji sun rage su ƙwarai, shi ya sa a 2016 taron yarjejeniyar CITES a Johannasbag ya hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Wanda yake da shi a gida ya riƙe amana, domin yana iya rayuwa fiye da shekara 40.

Aikin gida: a kawo jimloli uku da aikatau yanka, a giredi na 1 da na 4 da na 7, a kuma nemo ma'anoni biyar na kalmar baki ban da waɗanda na kawo. Allah ya ba mu sa'a.